Asalin Hoton Wushirya

Abin da Maman Wushirya take nema bai taka kara ya karya ba in ka ji shi a baki: hoton 'yarta guda ɗaya, babba, wanda za a rataya a bango mutum ya tsaya daga bakin ƙofa ya gane fuskar. Yarinyar ta rasu tana gab da shiga firamare. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin a gama shawarar canza asibiti ta tafi. Tun da haƙoranta na gaba suka fito da 'yar ƙofa a tsakaninsu kowa ya koma kiranta Wushirya, har uwar ma sunanta ya bi na 'yar.

Ba wai ba ta da hotuna a waya ba, akwai su da yawa. Wanda ta fi so shi ne wanda yarinyar ke zaune a matakalar bene, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana dariya baki buɗe. Shi ta kai wa Baba mai wankin hoto, wani dattijo da ke da shago a layin masu gyaran waya. Baba ya ɗora shi a kwamfuta ya zuƙo fuskar, sai kumatu suka farfashe suka koma ƙananan murabba'ai, idanu suka zama tabo biyu, bakin kuwa farin shafe ne kawai, ba haƙori balle wushirya. Ya gyara tabarau ya fara yi mata bayani a hankali cewa wannan ba zai wuce girman tafin hannu ba, sai an samo asalinsa. Ta ƙarasa masa bayanin da kanta, har da abin da bai kai ga faɗa ba.

Ta sani, domin aikinta ne. Shekarun da ta yi da Mai Hoto, mijinta na da, tare suke riƙe da situdiyo a saman wani bene. Shi yana ɗauka, ita tana lungun taga gaban kwamfuta tana shirya hotuna don shafinsu na intanet da kuma turawa masu su. Hoto kan fito daga kyamara da nauyi kamar buhun siminti, ita ce mai sauke masa kaya. Fuskokin mutane ta mayar da su tsarin ajiyar hoto na JPEG ta matse, daidai inda ido ba zai kama abin da aka zubar ba. Tambarin kamfani mai layi tsaf da baya fayau, wannan sai PNG, in an samu SVG ma ya fi, don shi ko girman ƙofa ka ja shi ba ya fashewa. Da sabon tsarin WebP ya shigo, wanda ya fi JPEG rashin nauyi, ita ta fara kama shi a layin nan, tana yi wa sauran dariya suna nan suna ɗora wa mutane dutse a waya. Alfaharinta shi ne shafinsu yana buɗewa kafin ka ɗage yatsa, ko a wayar da ta sha jiki. Kuma ita ce da bakinta ta kafa dokar shagon, cewa ba a taɓa asali. Kwafi ake matsewa, asali yana can cikin babbar ma'ajiyar da ke ƙarƙashin teburin Mai Hoto, domin abin da JPEG ya zubar ya zubu ke nan, babu mai tsinto shi.

Shi ya sa duk hoton da ke wayarta ƙarami ne, haka na wayar Yayarta, da na kakar yarinyar, da na kowa a dangi. Duk daga hannunta suka fita, har yabonta ake yi cewa hotunanta ba sa cin data. Da waya kuwa ba ta taɓa ɗaukar 'yarta ba, don Mai Hoto ya ce abin kunya ne a gidan mai kyamara. To me zai sa ta ajiye babba? Gida ɗaya ne, ma'ajiya ɗaya, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata rana sai ta nemi izini ba.

Mai Hoto irin mutanen nan ne da in ka faɗi halinsu a waje sai a ce kai ne da matsala. Yakan durƙusa ya gyara wa tsohuwa zaman mayafi kafin ya ɗauke ta, yakan sa jariri mai tsala ihu ya ɓuge da dariya. Bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba, balle hannu. A hankali yake magana yana murmushi, sai ka koma gida ka zauna sannan ka ji inda ya yanke ka. Bayan rasuwar, duk wanda ya zo gaisuwa sai Mai Hoto ya yaba masa ƙwazon Madam, yadda ma'aikatan shagon ke kiranta: wai mace ce mai riƙon amana, ranar da zazzaɓin ya fara ma sai da ta kammala aikin kwastoma tsaf. Masu gaisuwa su jinjina kai, ita kuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Auren bai daɗe bayan nan ba. Ta fita da akwatinta da wayarta ta koma gidan Yaya.

Da ta baro wurin Baba ta yini tana rubuta saƙo tana gogewa, daga ƙarshe ta tura wa Mai Hoto 'yan kalmomi cikin ladabi. Amsar ta zo da wuri, kuma da daɗi: haba, ai haƙƙinta ne, me ya sa ba ta yi magana tuntuni ba? Sai ga hoton ya shigo ta manhajar hira, an turo shi yadda kowa ke tura hoto, manhajar ta ƙara matse abin da dama a matse yake. Ta haɗiye ta rubuta masa cewa don Allah ya turo shi a matsayin fayil, kamar ba shi ne ya shekara yana jin tana faɗa wa kwastomomi haka ba. Ya ce au, afuwan, tsufa. Washegari ya turo fayil kuwa, da ta buɗe sai ta tarar fuskar wayarsa ya ɗauka da hoton a ciki, ga alamar batir da agogo a sama.

Yaya tela ce mai ɗinka labule, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta karɓi wayar ta duba, ta rantse cewa in aka bar ta ta hau benen nan sai ta kife masa lemar fitilar ɗaukar hotonsa a ka. Mai Murmushi take kiransa tun ana zaman lafiya, ba ta taɓa yarda da shi ba. Maman Wushirya ta roƙe ta ta yi shiru, ta ce abin yana hannunsa, in aka ɓata masa rai da yatsa ɗaya zai goge komai.

Ana nan sai ya kira da kansa. Ya ce ma'ajiyar tana nan lafiya lau, amma hotunan sun yi yawa, an cakuɗa su, sai mutum ya zauna ya bi su ɗaya ɗaya, shi kuma ina ya ga lokaci, ga shafin shagon ya lalace tun tafiyarta, kwastomomi sai ƙorafi suke yi.

"Ki ɗan leƙa mana shi mana, Madam," in ji shi. "Ni kuma in samu sukunin nema miki."

Ta gane ciniki ne, ba yarinya ba ce. Ta tafi.

Benen yana nan yadda ta bar shi, da warin fenti da ƙarfen dafawa mai girgiɗi. Da ta zo matakalar da yarinyar ta zauna a hoton sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake ta. A sama ta tarar da sabuwar mai karɓar baƙi wadda ta kira ta Anti ta tambaye ta ko an ba ta lokaci. Mai Hoto ya fito daga bayan farin ƙyallen bango da fara'a, ya gabatar da ita a matsayin wadda za ta ɗan taimaka musu da intanet. Kujerarta tana nan a lungun taga, an cire matashin da take jingina da shi.

Shafin kuwa, wallahi abin takaici ne. Bawan Allahn nan hotunan biki yake kwasowa ya mayar da su PNG, wai don kada su rage kyau, ya jibga su haka nan da nauyinsu. Ka buɗe shafin sai ka ga goshin amarya ya fito, ka je ka sha ruwa ka dawo sannan hancinta ya iso. Tambarin shagon da ta zana da hannunta an mayar da shi JPEG, ya fito da farin akwati kewaye da shi kamar filasta a goshi. A shafin farko ma akwai wani GIF, hoto mai motsi, na ango yana juyi, launin fatarsa ya rarrabu gida-gida. Ta zauna tana kallo, hannunta ya fara ƙaiƙayi. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne ta ji daɗin aikin. Rabonta da ta ji tana da amfani tun kafin rasuwar.

Ta yi makonni tana hawa benen. Ta dawo da tambarin SVG, ta mayar da hotunan WebP ta ajiye JPEG a baya saboda tsofaffin wayoyi, ta yanka kowane hoto daidai girman da za a gan shi. In ta ce ta gama sai ya tuno wani abu: ga hotunan jarirai ba a ɗora ba, ga na 'yan makarantar raino. Haka ta riƙa bin fuskokin 'ya'yan mutane tana zuƙowa, tana ganin gashin ido da ɗigon gumi a kan hanci, kowace uwa da asalinta a ajiye. Wani lokaci ya zo ya tsaya a bayanta da kofin shayi ya ce ta matse hoton sosai, ai ita gwana ce a nan. Ma'ajiyar tana ƙarƙashin teburinsa, 'yar fitilarta shuɗiya tana ƙiftawa. Ya canza kalmar sirri, ta gwada sau ɗaya da ya shiga banɗaki. In ta tambaya ya ce yana nan yana nema, an kusa.

Yaya ta gaji. Wata safiya ta tsayar da keken ɗinki ta dube ta tana ɗaura takalmi.

"Ke yanzu baiwa kika koma? Ya sake ki, ya kuma same ki a banza kina masa bauta."

"Yaya, fuskar 'yata fa."

"Fuskar 'yarki tana zuciyarki."

"Zuciyar ba a rataya ta a bango."

Yaya ta taka keken da ƙarfi har allura ta karye.

Ranar da shafin ya koma buɗewa kamar ƙiftawar ido, Mai Hoto ya gwada shi a wayarsa, ya gwada a ta mai karɓar baƙi, ya yaba ƙwarai. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko filash a cikin 'yar ambulan mai tambarin shagon, irin wadda ake ba kwastoma, ya miƙo mata da hannu biyu. Ya ce babba ne fa, PNG ne, ba abin da aka zubar. Ta karɓa. Ta rusuna ta yi masa godiya, ta yi masa addu'a, har ta ce ya yafe mata in ta taɓa munana masa zato. Daga baya wannan godiyar ce ta fi ci mata rai.

Ba ta tsaya buɗewa a nan ba, ba ta so ya ga fuskarta. Kai tsaye ta wuce shagon Baba. Ya soka filash ɗin, ta leƙa ta ga nauyin fayil ɗin, ta jawo benci ta zauna. Nauyi ne na gaske, irin na asali. Tsohuwar kwamfutar Baba ta yi ta nishi kafin ta buɗe shi. Baba ma murmushi yake yi, yana cewa yau dai Allah ya yi.

Da ya buɗe, hoton ya cika allon ya yi saura. Ga matakala, ga takalmi a hannu. Fuskar kuwa ita ce dai ta wayarta, murabba'an nan ne aka ja su suka kumbura, kowanne ya kai girman farce, gefensu ya narke. Farin shafen bakin ya ƙara faɗi. Ashe ƙaramin hoton Mai Hoto ya ɗauka ya buɗa shi, ya ajiye a PNG. Shi kuwa PNG amintacce ne, duk abin da ka ba shi zai riƙe maka bai zubar da ko ɗigo ba, in shara ka ba shi ma haka zai adana ta. Baba ya cire tabarau ya goge ya ce wataƙila injinsa ne. Ta ce a'a Baba, injinka lafiya yake.

Da la'asar ta sake hawa benen, wannan karon ba ta ma lura da matakalar ba. Ta samu Mai Hoto shi kaɗai yana goge gilashin kyamara da ɗan ƙyalle, mai karɓar baƙi ta fita. Ta ajiye filash ɗin a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Wushirya, me na yi maka? Ka ba ni asalin, in tafi, ba za ka sake ganina ba."

Ya hura gilashin ya ci gaba da gogewa.

"Wane asali?"

"Wanda ke cikin ma'ajiyar nan."

"Babu shi, Madam. Babu ko ɗaya, tun daga na ranar da aka haife ta. Ke kika matse su."

Ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai ya tuna mata. Lokacin da wata makaranta ta ba su aikin ɗaliban da suka kammala, ana sauri, ma'ajiya ta cika maƙil. Ya kwashe foldar hotunan gida gaba ɗaya ya zuba ta cikin foldar kwafi na ɗan lokaci, don ya share wuri. Ita kuma ta zo ta saki manhajar matsewa a kan foldar, kuma don wuri ya samu ta danna ɗan akwatin da ke cewa a maye gurbin tsofaffin da sababbi.

Ba sai ya ƙarasa ba, ta tuna. Ta tuna ta ga yawan fayilolin ya wuce yadda take zato, ta ce a ranta yaran makarantar ne da yawa. Ta tuna yadda ta ji daɗi da ta ga wurin da ya samu, har ta kira shi ya zo ya gani. Yarinyar tana ƙarƙashin teburin a lokacin tana wasa da murfin kyamara. Bayan nan ba a sake ɗaukar ta ba, kullum sai gobe, har zazzaɓin ya zo.

"Amma foldar kwafi ce," in ji ta. "Ba ka gaya mini ka zuba su a ciki ba."

"Ban gaya miki ba. Wa ya danna?"

Ta dafa tebur. Da ƙyar ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ajiye ƙyallen, kuma a karo na farko murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce tun makon rasuwar. Ya baro masu gaisuwa ya zo nan don ya wanke hoton nan na matakala, ya buɗe ya ga abin da ta gani yau. Ya bi foldar kaf, ya kai ma'ajiyar wurin masu dawo da abin da aka goge, suka ce an riga an rubuta a kansu. Ya ce ya zauna a kujerar nan tata yana zuƙowa yana mayarwa har idonsa ya daina gani.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na so ki nema tukuna. Ki sa rai yadda na sa. Ni kaɗai zan ɗauka?"

"Da aikin da ka sa ni fa?"

Murmushin ya dawo wurinsa.

"Ai shafin ya lalace da gaske. Kuma kin gyara shi, sannu da ƙoƙari."

Sai ga hayaniyar wasu iyali a matakala, sun zo ɗaukar hoto. Ya miƙe ya gyara riga ya tarbe su da fara'a, ya ce su shigo, wannan baiwar Allah ta gama, tafiya za ta yi. Ta raɓa ta gefensu ta sauka.

Ta kwanta a ɗakin Yaya kwanaki, fuska a bango. Da a ce ƙarya ya yi mata da ta samu abin riƙewa, ta tsane shi ta huta. To gaskiya ya faɗa, gaskiyar ce ma ya adana ya ba ta a lokacin da ya ga za ta fi shiga. Ta tsane shi, ta tsani hannunta, ta rasa wanda za ta fi tsana. Ta ba Yaya labarin a gutsuttsure. Yaya ta zage shi tun daga kakanninsa, ta zagi kwamfuta da wanda ya ƙirƙiro ta, sannan ta shiga kicin ta yi kukanta a can don kada a gani.

Yaya ba ta iya zama ta ga abu ya gagara ba. Ba tare da ta yi shawara da kowa ba ta ɗauki wayarta ta tafi wurin Baba ta ce lallai sai ya yi wani abu. Baba, da tausayi ya riga ya cika shi, ya ce akwai wata sabuwar manhaja da ake ba ta hoto mai dishi-dishi ta cike fuskar da kanta. Ba dawo da abin da ya ɓata take yi ba, zato take yi daga fuskokin da ta taɓa gani, ya faɗa wa Yaya haka, amma Yaya ba wannan ta zo ji ba. Da fuskar ta fito da haƙora jere reras, Yaya ta ce a'a, yarinyar wushirya gare ta, ai sunanta ke nan. Baba ya sa hannu ya buɗa mata ƙofa a tsakiyar haƙoran.

Wata rana da hantsi Yaya ta shigo rungume da hoton a cikin firam, an naɗe shi da takarda, ya kusa kai mata ƙirji. Ta tayar da ƙanwarta zaune, ta yage takardar da kanta. Kakar yarinyar ma an kira ta ta zo, da maƙwabta biyu.

Hoto ne mai kyau, babu ƙarya. Ga matakala, ga takalmi, ga rigar nan mai ɗigo-ɗigo. Fuskar tar take, kana iya ƙirga gashin ido. Kaka ta dafe ƙirji ta ce kamar ta yi magana, maƙwabta suka fara share hawaye, ɗaya ta ce ga wushiryar nan kuwa, Allah sarki. Yaya tana tsaye tana haki, idonta a kan ƙanwarta, tana jira.

Maman Wushirya ta duba. Wushiryar 'yarta ba a tsakiya take daidai ba, ta ɗan karkata, ta fi faɗi a ƙasa, domin haƙorin hagu ya ɗan kwanta. Wannan kuwa a miƙe take tsaf kamar da rula aka ja ta. In 'yarta ta yi dariya ido ɗaya ya fi ɗaya rufewa, wannan duka biyun a buɗe suke, masu kyau, suna kallon mutum. Hancin ya fi siriri. Wata yarinya ce kyakkyawa da ba a taɓa haifa ba, ta sa rigar 'yarta ta zauna a wurinta. Ta duba kunnuwan, sai ta kasa tabbatarwa ko haka suke ko ba haka ba.

Ta ɗago ta ga fuskar Yaya, ta ga yatsunta da allura ta sossoke, ta ga yadda take jira. Ta ce ya yi kyau, Yaya, Allah ya saka da alheri. Yaya ta fashe da kuka ta rungume ta. Nan take ta ɗauki hoton da waya ta watsa wa dangi, saƙonni suka fara shigowa, kowa yana cewa ita ce sak, wani ma ya ce ya fi yadda ya san ta kyau.

Maman Wushirya ta fita tsakar gida ta bar su suna neman ƙusa. Wayarta ta yi ƙara a hannunta. Mai Hoto ne, wani ya tura masa ya gani. Ya turo mata hoton, a matsayin fayil wannan karon, da kalmomi uku a ƙasa.

"'Yar waye wannan?"

Ta daɗe tana kallon saƙon. A duk mutanen da suka ɗauki yarinyar, suka goya ta, suka yi mata wasa, mutum ɗaya ne ya rage da ya san fuskarta yadda ita ta san ta, kuma shi ne wannan. In wata rana kunnuwan suka ƙara shige mata duhu, ko hancin, ko gefen da haƙorin ya kwanta, ba ta da wanda za ta tambaya sai shi. Kuma ta san zai amsa, a hankali, bayan ya sa ta jira.

Daga ɗaki Yaya ta ƙwala mata kira ta zo ta duba ko ya zauna daidai. Ta kife wayar a kan taga ta shiga. Yaya tana kan kujera riƙe da firam ɗin da hannu biyu, Kaka tana ba da umarni daga ƙasa. Maman Wushirya ta tsaya a bakin ƙofa, daga nan ana ganin fuskar sarai. Ta ce a ɗan ɗaga gefen dama.